Ƙafafun Sunan Mafu

Rana ta 3, wata na biyu na Ambaliya, shekara ta 41 ta sarautar sarki

Yau kwana goma sha uku da masu gyaran gawa suka ɗauke Mafu. Tana can kwance cikin kanwa a rumfarsu ta bakin hamada, ni kuma ina nan ina jiƙa busasshiyar gurasa a ruwa kafin haƙorana huɗu su iya da ita. Saura kwana hamsin da bakwai a binne ta.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma gidan nan babu wanda zan yi wa faɗa. Shekara arba'in da shida ita nake yi wa, tana ramawa. To, bari in yi wa bayan tsohuwar takardar nan.

Na dogara sanda na je gidan zane in ga akwatinta. Kemau ne shugaba a can yanzu. Kemau! Ni na koya masa riƙe alƙalami tun yana share majina da bayan hannu, yau ga shi da tumbi da furfura, ana kawo masa kujera. Ya tarbe ni da fara'a, ya kai ni gaban akwatin. Itacen ɓaure ne mai kyau, ban ƙi ba. Na matsa kusa, don idona ba ya gani daga nesa, na duba addu'o'in da suka rubuta a jikinsa.

Babu tsuntsu ɗaya mai ƙafa. Ko ɗaya. Mujiya an datse ta daga ƙirji, ungulu haka, agwagwa haka, sun jeru kamar kajin da aka fige a kasuwa. Macizai kuwa duk an raba kai da gangar jiki.

Na ce, "Kemau, gara ce ta cinye ƙafafun tsuntsayen nan, ko ku kuka dafa?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Baba Dedu, haka ake yi yanzu. Daga birnin sarki salon ya zo. Manyan fada ma da irinsa ake binne su."

"Manyan fada su sha ruwan kwata. Na ce wa ya yanke?"

Wai abin da aka zana a kabari yana iya tashi. Wai tsuntsu mai ƙafa zai sauko ya cinye hatsin mamaci, maciji mai kai kuma zai sare shi. Shi ya sa suke nakasa su tun a alƙalami. Tun kakannin kakanninmu ake binne mutanen garin nan da cikakken rubutu, ban ji wanda ya dawo ya kai ƙarar mujiya ba.

Addu'o'in sun riga sun bushe, ba yadda zan yi da su. Amma gurbin suna yana nan fari, a allon ciki, daidai inda fuskarta za ta kalla. Suna a ƙarshe ake sa shi, jajiberin binnewa. Na ɗora yatsa a gurbin na ce, "Nan kam wuƙarku ba za ta taɓa ba."

Ya ce za mu yi magana. Na san wannan "za mu yi magana". Ita ma ni na koya masa.

Rana ta 4, wata na biyu na Ambaliya

Alamomi uku ne kacal sunanta, kuma duka masu rai ne.

Cikin ɗaruruwan alamomin da aka cusa mana da bulala a makarantar haikali, akwai ashirin da 'yan kai da kowace sauti ɗaya tak take ɗauka. Malamanmu na raina su, suna ce musu 'yan dako, masu tallafa wa manyan alamomi. Masu hali sukan sa wa 'ya'yansu suna da sunan wani daga cikin alloli a ciki, alama ɗaya mai kwarjini ta ɗauki rabin sunan. Uban Mafu masunci ne. Ya ji sautin ya yi masa daɗi, ya sa mata. Babu babbar alamar da ta san da zamanta. 'Yan dako uku ne ke ɗauke da ita: mujiya, mai sautin rufe leɓe, kububuwa mai ƙaho, mai hucin iska, ɗan tsakon salwa, mai zagaye baki. Mafu.

In an yanke waɗannan me ya rage? Wasu sunayensu kwando ne da igiya da ruwa, ba abin da za a yanka. Nata duk jini ne da nama. Ranar da aka kai gurasa da giya bakin kabari aka kira ta, sunan ne zai tashi ya amsa, ya kai mata. Sunan da ba ƙafa, da me zai taka? Sunan da aka datse a tsakiya, ta ina za ta gane nata ne?

Su kaɗai ta iya karantawa duk rayuwarta. Na zana mata su a gindin tulu shekarar da muka yi aure, don maƙwabta su daina ɗauke mata shi a bakin kogi. Takan ce mujiyar ni ce, saboda harara.

Rana ta 9, wata na biyu na Ambaliya

Senet, ƙanwar Mafu, ta kawo gurasa da albasa da ɗan tulun giya. Ita ma ta tsufa, amma bakin bai tsufa ba.

Tun daga ƙofa: "Mijin Yaya, an ce ka je ka yi wa mutane ihu a wurin aikinsu."

"Ban yi ihu ba."

"Har masu wanki a bakin kogi sun ji. Tsoho da kai, ƙafa ɗaya a Yamma wurin matattu, kana rigima kan ƙafar tsuntsu? Taka ƙafar ma ba ta kai ka bayan gida sai da sanda."

"Ke me kika sani? Ko alama ɗaya ba ki iya ba."

"Ban iya ba. Amma na san 'yar'uwata za a rufe a ciki, ba kai ba. In masana sun ce a yanke, a yanke mana."

Masana! Shekara hamsin ina zana akwatunan garin nan. Akwatin uwarta ma ni na zana, da tsuntsaye masu ƙafa bibbiyu, ta tsaya tana yabawa. Yau ni ne ba masani ba.

Ta share ɗakin, ta zage ni kan tabarmar da ban shanya ba, ta tafi. Gurasarta ba ta kai ta Mafu ba. Na cinye.

Rana ta 12, wata na biyu na Ambaliya

Gwiwa. Ban fita ba. Ƙadangare ne kawai ya shigo, shi ma bai daɗe ba.

Rana ta 16, wata na biyu na Ambaliya

Na je haikali wurin Ibiya, mai karatun gawa, wanda zai yi wa Mafu karatu ranar binnewa. Ya bar ni a tsaye cikin rana har inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata, sannan ya fito yana sheƙi da mai, an aske shi tas. Na san ubansa. Manemin zuma ne, mutumin kirki, bai taɓa barin tsoho a rana ba.

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya saurara yana kallon farcensa.

"Baba, na je birnin sarki bara. Na ga littattafan da idona."

"Littattafan da aka rubuta bara?"

Bai ji daɗi ba. Ya ce tsuntsaye ma da sauƙi, amma shi ba zai tsaya ya yi karatu a kan akwatin da ke da maciji mai rai a ciki ba. In na nace, in nemi wani. Wani wa? Shi kaɗai ne a garin. In ba a yi mata karatu ba, bakinta ba zai buɗe a can ba, ba ci ba sha ba magana. Ya san haka, shi ya sa ya faɗa a hankali, da murmushi.

Na ce, "Da kana ƙarami ka taɓa kuka a ƙofar gidana saboda dinya ta kore ka. Ashe har yau tsoron tsuntsu bai sake ka ba."

Bai kamata in faɗa ba. A gaban masu shara kuma. Amma na faɗa, kuma da za a sake zan ƙara.

Rana ta 18, wata na biyu na Ambaliya

Tunda babu mai zana mata suna cikakke, ni zan zana. Ibiya kuma sai ya yi abin da zai yi a gaban mutane, mu gani.

Na sauko da kayan aikina daga saman katanga. Shekara tara ban taɓa su ba. Ɓera ya ci jakar. Baƙar tawadar ta tsage, jar tana nan. Na tauna bakin sabon kara, na ɗiga wa Tahuti, ubangijin marubuta, ruwa a ƙasa kamar yadda aka saba, na ɗauki tsingaro.

Wannan rubutun gaggawa da nake yi a nan ba komai ba ne, ko karkatacce ne ni zan karanta. Amma zanen akwati layi ɗaya ake ja, ba tsayawa, ba komawa. Na ja bayan mujiya, hannun ya yi ta kaɗawa kamar ganyen iwa. Abin da ya fito ƙullin wanki ne mai ido biyu.

Na jefa tsingaron a bango.

Rana ta 19, wata na biyu na Ambaliya

Tsingaro goma sha ɗaya. Duka a bango. La'anannen hannu, shekara hamsin ina ciyar da kai.

Rana ta 23, wata na biyu na Ambaliya

Na lura da safe, kafin rana ta yi zafi, rawar hannun ba ta da yawa. In na ci abinci ta fi lafawa. Sai in ci ke nan, ko ba na so.

Tsakon salwa ya fi ba ni wuya. Ƙafafunsa sirara ne, kuma sai sun tsaya kamar yanzu zai ruga. Nawa kamar ya sha giya. Ta yiwu waɗannan ragwayen ba tsoron mamaci ne ya sa su yanke ƙafa ba, ƙafar ce ba su iya ba. Na rantse haka ne. Wani malalaci a birnin sarki ya kasa zana ƙafa, ya ƙirƙiro dalili, ƙasa duka ta bi shi.

Rana ta 28, wata na biyu na Ambaliya

Kemau ya zo da kwandon ɓaure. Ya tsugunna a ƙofa kamar dā, sai da na ce ya shigo. Idonsa ya kai kan tarin fasassun tsingaro a gindin bango. Ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya ajiye. Da ya yi dariya da ya fi mini.

"Baba, ka bari in zana. Zan yi shi da kyau. Yankan ma siriri zan yi, sai an duba za a gani."

"In na yanke maka wuya siriri, ka yarda?"

"Haba Baba."

"Kada ka haba ni. Ta ba ka abinci a gidan nan shekara bakwai. Ranar da na fasa maka baki kan ka zana ungulu kamar kaza, wa ya wanke maka jinin?"

"Inna Mafu ce."

"To, ita za ka guntule."

Ya ce shi ma ba ya barci da wannan magana, wai don yana ƙaunarta ne. Na ce ya ɗauki ƙaunarsa da ɓaurensa ya fita. Ya fita da ƙaunar, ya bar ɓauren. Sun nuna sosai, masu taushi ya zaɓo. Munafuki, ya san haƙorana.

Rana ta 4, wata na uku na Ambaliya

Ruwa ya fara ja da baya. Warin laka ko'ina.

Yau na tuna malaminmu, Hekayeb mai ido ɗaya. Bai taɓa bari mu kwafi dabba daga allon wani ba. Ya kai mu rumbun haikali mu kalli mujiya da rana tsaka, tana zaune a kan azara. Ya ce, "Duk tsuntsayen rubutu gefe suke kallo, wannan kaɗai ce ke kallon mai karatu. In ba ta sa ka sunkuyar da kai ba, ba ka zana ta ba." Kububuwa kuwa a tukunya ya kawo mana ita, ya buɗe a tsakiyarmu, muka watse, ya bi mu da bulala ya dawo da mu. Mun yini muna kallon yadda take ɗaga kai kaɗan daga ƙasa, ƙahonnin nan biyu a tsaye.

Haka aka koya mana. Yau jikokin almajiransa na zana gawar tsuntsu suna kiranta rubutu.

Mu goma sha huɗu ne a ajin. Na ƙirga ɗazu. Ni kaɗai na rage, babu wanda zan ce wa "ka tuna?"

Rana ta 11, wata na uku na Ambaliya

Na samo dabara. In na ɗaure wuyan hannu da tsumman lilin, na ɗora gwiwar hannun a kan tubali, na riƙe numfashi, layin na tafiya. Mujiya ta fara harara. Tsakon ya tsaya da ƙafafunsa, ko da yake ɗaya ta ɗan fi tsawo.

Kububuwar ce ta fi fitowa. Ja ɗaya, daga ƙaho har wutsiya. Senet ta shigo ta gan ta a tsingaro kusa da tabarma, ta yi tsalle har ta zubar da miya.

"Kai, mugun tsoho! Ka kashe ni ka huta?"

Na yi dariya. Rabona da dariya tun kafin Mafu ta kwanta. Senet kuwa ba ta yi ba. Ta kife tsingaron da ƙafa, ta ce, "Wannan za ka kwantar kusa da fuskar Yaya?"

Jahilci ne kawai.

Rana ta 17, wata na uku na Ambaliya

Doguwar rana. Bari in rubuta duka tun ban manta wanda ya ce me ba.

Na ce sai na ga kabarin da idona, don ban yarda maginan sun share shi ba. Kemau ya kawo wani jaki mai cizo. Muka haye da kwalekwale, muka hau tudu zuwa ramin kabarin gidanmu. Ba zan iya bin tsani ba, sai suka sa ni a kwandon da ake fitar da ƙasa, suka zura ni da igiya kamar tulu a rijiya. Maginan suna ta ƙunshe dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, mu bar ka can gaba ɗaya, mu huta da dawowa?" Na ce ya tambayi uwarsa.

Kemau ya biyo ni da fitila. Ɗakin ƙarami ne, ban tuna ƙanƙantarsa haka ba. Mutum ba ya miƙewa tsaye. Sun share, ban sami abin faɗa ba. Can sama ana hayaniya, amma a ƙasa ko motsin iska babu. Na ji bugun jinina a kunne.

Muka zauna a ƙasa. Ya ajiye fitilar a inda kanta zai kasance.

Ya ce, "Baba, in tambaye ka?"

"In na ce a'a za ka fasa?"

"Me ka ce mana ranar farko da muka zo gabanka?"

"Na ce ku wanke hannu."

"Bayan wannan. Ka ce abin da aka zana daidai yana da rai. Ka ce wanda bai yarda da haka ba ya tafi ya yi saƙa. Kai ka faɗa, ba mutanen birnin sarki ba."

"To?"

"To sunanta zai tashi ya amsa kira saboda yana da rai, haka ka ce. In ƙafar tsakon za ta taka, Baba, me zai hana haƙorin macijin?"

Na ce suna daban, dabba daban. Ya ce a ina aka raba su.

Ya ce, "Senet ta kawo mini tsingaronka. Na ajiye shi a gidan zane, ma'aikata suna kewaye shi. Na rantse da Tahuti, in macijina ne ba zan damu ba, ko a bar shi cikakke ba zai tashi ba, igiya ce mai ƙaho. Naka nake tsoro."

Sannan ya ce gurbin nawa ne. Ba zai sa hannu ba, ba zai tsaya a kaina ba. Abin da na zana shi za a rufe. Ibiya kuma shi zai ji da shi, ko da zai kai su ga ɓatawa.

Kafin a ja mu sama fitilar ta mutu. Ɗan lokaci ne kawai, kafin ya laluba igiya. Ban ga hannuna ba. Ban ga komai ba.

Rana ta 18, wata na uku na Ambaliya

Daɗin baki ne. "Naka nake tsoro." Tun yana yaro haka yake, in ya fasa tukunya sai ya yabi tsintsiya. Kuma wa ya ba Senet izinin ɗaukar mini kaya? Ɓarauniya.

Ya ce abin da na ga dama in yi. Wa ya roƙe shi? Da ya ci gaba da musu da na san inda zan sa fushina.

Rana ta 21, wata na uku na Ambaliya

Ban zana komai ba.

Rana ta 24, wata na uku na Ambaliya

Masu gyaran gawa sun aiko, sun fara naɗe ta. Suna son lilin daga gida. Na ba su zanen da take ɗaurawa ranar biki, da rigata ta aiki. Su yayyaga.

Na yi mata faɗa yau, da ƙarfi, ni kaɗai a tsakar gida. Na ce da kin bari na riga ki, da ke ba ruwanki, duk abin da Kemau ya zana za ki ce ya yi kyau, ki ba shi giya. Kin tafi kin bar ni da hukunci. Kullum haka kike, ki tayar da magana ki shige madafa.

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na ce da akuya nake. Ba ni da akuya.

Rana ta 27, wata na uku na Ambaliya

Senet ta zo. Na shirya mata zagi kan tsingaron, sai na ga idonta ya kumbura. Ta zauna ba ta share ko'ina ba.

Ta ce, "Dedu, ni ban san rubutu ba. Kai ka sani. Ka yi mata abin da za ta ji ta amsa, kuma abin da ba zai cuce ta ba. Shi ke nan."

Shi ke nan, wai. Kamar abu ɗaya ta roƙa.

Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai yau.

Rana ta 29, wata na uku na Ambaliya

Na yi.

Da sassafe na je, na ci gurasa tukuna. Kemau ya kori kowa daga rumfar, shi ma ya fita ya zauna a waje ya ba ni baya. Sun kwantar da allon a kan tubala daidai tsayin da nake so, ban tambaya ba. An dama tawada, an tauna kara. Na ɗaure hannu. Na ɗiga ruwa.

Da ja na fara, kamar kullum, a shata kafin a bi da baƙi. Duka ukun na shata su cikakku. Mujiya da ƙafafunta da faratanta. Kububuwa daga ƙaho har wutsiya. Tsako a tsaye.

Na bi mujiya da baƙi. Ta kalle ni. Ban yi irinta ba ko ina da shekara talatin, kuma babu wanda zai sake ganinta sai mutum ɗaya.

Na zo kan kububuwa. Na yi ƙahonni, na yi kai, na yi ido. Fuskar Mafu za ta kasance a nan, tazarar tafin hannu. A gefen hagu za a kwantar da ita, tana kallon allon, kuma a naɗe take, ko hannu ba za ta iya ɗagawa ba.

A wuya tawada ta ƙare. Na sake tsoma karan, na ci gaba. Da na ɗaga kai sai na ga na ci gaba ne daga ɗan gaba kaɗan, faɗin ƙwayar sha'ir. Layin akwati ba a komawa kansa, kowa ya sani. Jan da ya rage a tsakani ya ɓata aikin, sai na goge shi da babban yatsa.

Tsakon ya fito lafiya. Ƙafafu biyu, daidai wa daida. Zai ruga.

Ana karanta sunan sarai. Na karanta shi da ƙarfi sau uku, Mafu ne, ba wata ba.

Rana ta 1, wata na huɗu na Ambaliya

Jiya aka rufe.

Ibiya ya leƙa cikin akwatin kafin a sa ta. Ya daɗe. Ya ce, "Tsuntsayen nan da ƙafa." Kemau ya ce, "Mujiya ɓera take ci, ranka ya daɗe, gadin gurasar za ta yi. Tsako kuwa nawa zai ci?" Maginan suka yi dariya, Ibiya ya harare su, ya sake duba tsakiyar sunan, ya buɗe littafinsa. Ya yi karatun duka, bai tsallake ko layi ba, ina bin sa a zuci. Muryarsa ba laifi. Ta ubansa ce.

Senet ta kira sunan a bakin rami da gurasa a hannu, ta ce ta ji kamar an amsa. Iska ce. Amma ban ce mata iska ce ba.

A hanyar dawowa Kemau na jan jakin, ni ina kai. Mun yi nisa. Sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Baba, karan nan da na tauna maka, yana riƙe tawada sosai."

Na ce, "Ta ƙare."

Ya ce, "E. Takan yi haka."

Na ce ya kula da hanya, zai jefa ni a rami.

Tawada ce. Na rubuta a nan don kada wani ya zo daga baya ya ce wani abu daban. Ban bi salon kowa ba, kuma har gobe ragwaye ne.

Na yi barci har rana ta haska tsakar gida, Senet ta yi ta buga ƙofa ta ɗauka na bi Yayarta. Kemau ya ce zai turo jaki jibi, wai akwai akwatin wani manomi da ke jiran suna, ko zan duba musu shatar. Ban ce zan je ba. Na dai ce kada a turo mai cizon nan.